Ranar da Taraktar Inuwa Ta Ƙwace

Mutanen Indabo sun san ƙarar taraktar Malam Inuwa fiye da yadda suka san muryarsa, don shi ba mai yawan magana ba ne. Ƙaramar tarakta ce mai launin toka, irin ta da can mai shan fetur, ta girme shi nesa ba kusa ba. Mahaifinsa ne ya same ta a gwanjo sa'ad da wata gonar gwaji ta rufe, Inuwa kuma ya tashi a kan kujerar ƙarfen nan tun ƙafarsa ba ta kai burki ba. Da damina ya yi wa mutane haro, da rani ya ja tirelar yashi daga bakin kogin Wudil, da kaka ya ɗaura mata bel ta juya injin casa. Da ita ya yi aure, da ita ya aurar da ƙaninsa Sharhabilu, wanda ya riƙe tun bayan rasuwar iyayensu.

Abin da aka san shi da shi kunne ne. Yana zaune a tabarma yana cin tuwo, in aka tayar da injin ban ruwa a bayan gari sai ya ce fulogin wane ya kusa mutuwa, kuma haka za a tarar. Tasa taraktar kuwa bai taɓa kai ta gareji ba. Yakan karkata kai ya saurara, ya ɗauko sifana ya nufi inda ciwon yake.

Salansarta ta daɗe da ɓulewa, shi kuma shekara da shekaru yana zaune daf da ita. Matarsa Hansai ce ta fara lura jinsa na raguwa. Ta yi magana daga madafa bai amsa ba. Rediyo sai ya kai ta ƙarshe. Wata rana aka kira la'asar a masallacin da ke jikin katangarsu, yana zaune yana gyaran igiya bai motsa ba. Da ta matsa masa ya je asibiti, likita ya duba ya ce jijiyar ji ce ta gaji, ba ta da magani, sai dai ya nisanci ƙara. Inuwa ya dawo gida, washegari ya hau tarakta. Wace sana'a gare shi in ba ita ba?

A kakar bara ne ciwon taraktar ya fara. Suna casar masara, Sharhabilu na zuba wa inji, sai ya sauko ya tsaya a gaban yayansa yadda zai ga bakinsa, ya ɗaga murya.

"Yaya, injin nan haki yake yi! Ya tashi ya sauka, ya tashi ya sauka."

"Tun yaushe?"

"Tun shekaranjiya. Na ɗauka ka ji."

Inuwa ya matsa jikin taraktar. Ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet. Lallai kuwa, girgizar na zuwa tana komawa kamar numfashin mai asma.

Fetur ya fara zargi, don a galan yake sayensa a bakin titi. Ya kwance kafireta, wato inda fetur ke haɗuwa da iska kafin su shiga inji, ya baje ta a kan buhu, ya wanke laka da tsatsa, ya hure kowane ƙaramin rami da bakinsa har leɓensa ya yi ɗaci. Ya mayar. Sharhabilu ya saurara, ya girgiza kai. Inuwa ya sake kwancewa, ya ga sandar da ke juya marfin totur ta ci gidanta, tana lilo, iska na shiga ta gefe. Ya yanko ɗan gwangwani ya cike gurbin. Ta yi sauƙi da safe, kafin azahar ta koma.

Abin da ya fi ci masa rai, kowane gwaji sai ya dubi fuskar ƙaninsa ya jira hukunci. Shi da ake zuwa tambaya har daga garin Utai.

Ranar Juma'a ya shiga Wudil wajen Halliru, tsohon abokinsa mai gyaran injin ban ruwa a gefen kasuwa. Bayan sun gaisa, an tambayi gida da iyali da gajiya, Halliru ya jawo shi bayan rumfa inda hayaniyar 'yan shanu ba ta kai ba, ya sa baki kusa da kunnensa na hagu.

"Ka duba sandar da ta haɗa kafireta da gwamna?"

"Na ɗaure ta. Ba ta motsi."

"Sufirin da ke janyo ta baya fa?"

"Na canja. Na babur na sa."

"To Inuwa, ciwon na cikin gwamna ne, ka sani na sani."

Gwamna a bakin makanikai wasu 'yan ƙarafa ne masu nauyi da ke juyawa a cikin inji. In gudu ya yi yawa sai su buɗe, su tura sanda ta rage wuta, in aiki ya yi nauyi su koma su ƙara. Su ke hana inji gudun da zai halaka kansa. Amma kafin a kai gare su sai an sauke lagireto an buɗe gaban injin gaba ɗaya, kuma in an tarar da abin da ya karye, babu shagon da ke sayar da shi daga nan har Kano.

"Bari kaka ta wuce," in ji Inuwa. "Mutane sun zube amfaninsu a fili suna jirana."

"To kada ka ɗaura mata bel. Ja tirela, wannan ƙafarka na kan burki. Casa kuwa, in zubi ya yanke babu mai riƙe ta."

Ko Inuwa ya ji wannan duka, ko rabi ya ji, Halliru har yau bai sani ba. Ya dai gyaɗa kai ya tafi.

Dabarar da ya yi ita ce ya ɗaura igiya a hannun totur na jikin kafireta, ya zama shi ne gwamnan. Yakan tsaya gefen inji, hannu ɗaya a kan bonet, ɗaya riƙe da igiya, idonsa a kan bel. In ya ji girgiza ta ƙaru ya ja, in ta faɗi ya saki. Wuni guda a tsaye cikin ƙaiƙayi da zafin ƙarfe. Haka suka gama gonakin Indabo, suka wuce Achika casar shinkafa.

A can ne, da hantsi, mai gonar ya yafuto shi daga wajen buhuna yana nuna wani abu da hannu. Daga inda Inuwa yake ba zai ga bakinsa ba. Injin na tafiya daidai a lokacin, sai ya naɗe igiyar a jikin ƙarfe ya taka wajensa. Yana ba da baya damin da ake miƙa wa Sharhabilu ya ƙare. Injin casa ya koma juya iska, tarakta ta ƙwace.

Kowa a filin nan ya ji. An ce har masu kiwo a nesa sun ɗaga kai. Mata masu shiƙa suka watsar da faifai suka ruga, maza na ihu suna kiran sunan Inuwa. Inuwa na tsaye yana kallon bakin mai gona, sai ya ga fuskar mutumin ta canja, ya ga tsuntsaye sun tashi gaba ɗaya daga kan tsamiya. Sannan ya juya.

Sharhabilu bai gudu ba. Ya ga injin casa na tsalle zai tarwatse a kan mutane, ya diro ya kai hannu zai ture bel ɗin daga kan mazauninsa. Bel ya kama hannun rigarsa. Kafin Inuwa ya isa ya fizge wayar wuta, bel ɗin ya riga ya naɗe hannun har kafaɗa.

A bayan wata motar ɗaukar kaya aka kai shi Wudil, daga nan aka wuce da shi Kano. An ceci ransa, hannun dama kuwa aka yanke shi sama da gwiwa. Da ya farfaɗo ya ga yayansa zaune a ƙasa kusa da gado, ya yi masa wata magana a hankali, doguwa, hawaye na bin gefen idonsa. Muryar ba ta da ƙarfi, leɓunan sun kumbura. Inuwa bai ji ko kalma ɗaya ba, kuma ya kasa cewa a maimaita. Matar Sharhabilu, Rabi'atu, tana wajen. Ba ta dubi Inuwa ba, shi ma bai tambaye ta ba.

Sai da rani ya yi nisa ya taɓa taraktar, bayan an jawo ta gida da shanu. Ya aika aka kira Halliru, suka sauke lagireto, suka buɗe gaban injin. Ga ɗaya daga cikin ƙarafan gwamna kwance cikin baƙin mai. Ɗan sandar da ke riƙe da shi, wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ya siɗe ya rabu biyu. Halliru ya juya shi a tafin hannunsa, ya kai wa wani mai aikin ƙarfe a Wudil, aka fere irinsa daga tsohuwar ƙusa. Kafin magariba sun haɗa komai.

Suka tayar. Halliru ya ƙara wuta, ya rage, ya saki. Ya saurara, ya ɗaga kai ya ce da ƙarfi, "Ta zauna."

"Dama wuni ɗaya ne aikin," in ji Inuwa.

Halliru ya sunkuyar da kai yana goge hannunsa da tsumma. Inuwa ya kashe injin ya shiga gida.

Bai sake tayar da ita ba. Da damina ta kawo kai wasu sun zo neman haro, ya ba su haƙuri. Wani malamin jami'a mai sha'awar tsofaffin injuna ya zo ya zagaya ta ya ɗauki hoto, ya ce zai dawo, bai dawo ba. Daga ƙarshe 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa ne suka zo da wutar walda suka yanka ta a ƙofar gida. Hansai ta rufe ƙyaure. Inuwa kuwa tun da safe ya ɗauki fartanya ya fita.

Yanzu gonaki biyu yake nomawa da hannu, tasa da ta ƙaninsa, kuma shekaru sun fara nuna a bayansa. Sharhabilu na da ɗan tebur kusa da gadar Wudil, yana sayar da goro da alewa, ya koyi ƙulla leda da haƙori. Kullum da safe yakan biyo ta zauren yayansa ya durƙusa ya gaishe shi, bai taɓa fasawa ba, ba a kuma taɓa jin ya ɗora wa kowa laifi ba. Rabi'atu ce ta daina shiga ɓangaren Hansai, sai dai ta aiko da yara in akwai saƙo.

Bana ruwa ya yi jinkiri, da ya zo kuma ya zo da yawa. Inuwa bai iya kai wa gonakin biyu a kan lokaci ba. Ya gama noman ta Sharhabilu tsaf, tasa ciyawa ta cinye rabi.