Gaisuwar da Kaka Ba Ta Ji Ba

Fankar ɗakina tana wani ƙara idan ta fara juyawa, ƙiii-ƙiii, kamar mai neman mai. 'Ya'yana sun sha cewa a canza ta, na hana. Irin kukan nan na taso ina ji a ƙofar gidan hakimi a Wurno, zamanin Turawa, ina yarinya.

Wani Baturen gona da ya zo aikin ruwa a fadama shi ya kafa abin: dogon ƙarfe da ya fi dabino tsawo, da fukafukai biyu na katako a samansa. Idan iska ta buso sai su yi ta juyawa, wuta ta biyo waya ta shiga batir, batirin ya tayar da akwatin rediyo. Da aka yi masa canjin wurin aiki, ya bar wa hakimi. Mu dai injin iska muke ce masa.

Mahaifina ya tafi Kurmi fataucin goro tun ina goye, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mahaifiyata ta rasu, na dawo hannun kakata, wadda ta haife shi. Wata rana ta ji ana cewa matafiya kan aiko gaisuwa gida ta cikin akwatin. Daga ranar, duk la'asar sai ta ajiye kaɗinta, ta riƙe hannuna mu tafi. Maza na cikin zaure, mu kuwa muna zaune a gindin bango daga waje, ƙamshin albasar da aka shanya yana dukan hancinmu. Kunnenta ya yi nauyi, ni ce mai saurara mata.

"Mi anka ce?" takan tambaye ni.

"Ba shi ba ne, Kaka."

"To, gobe."

Da bazara ta yi tsanani iska takan ɗauke, fukafukan su tsaya cik, akwatin ya yi shiru. Na sha ganin ta bayan salla ta ɗaga hannu. Mutane na roƙon ruwa, ita iska take roƙo.

Iskar ta zo da hadarin farko, amma da ƙarfin da ya wuce kima. Ta kwashe rufin rumbuna, ta karya fiffike ɗaya ta jefa shi cikin gonar gero. Maƙera da masassaƙa suka yi iya yinsu, wanda suka sassaƙa ya riƙa jijjiga ƙarfen kamar zai tumɓuke shi. Aka ce sai an aiko da sabo daga Kaduna. Muka yi ta jira.

Ana tsakiyar damina wani mai sayar da kifi daga Goronyo ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya ce a can ya ji a rediyon wani ɗan kasuwa, wani mutum ya ambaci sunan Kaka da unguwarmu, ya ce yana lafiya, a yafe masa.

Kaka ta matso kusa da shi.

"Muryatai fa? Ta tsufa?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. "Inna, ban san shi ba balle in gane."

Ta ba shi fura, ta yi masa addu'a. Da ya tafi ta shiga ɗaki ta juya fuskarta ga bango. Kafin a yanke gero ta rasu. Mahaifina bai taɓa dawowa ba.

Yanzu jikana yakan kira ni daga Legas a waya, ina kwance a gado. Yakan yi saurin cewa, "Kaka, sai anjima, ina aiki." Nakan ce masa ya ɗan ƙara magana, ko mi ya ga dama ya faɗa, ni dai in ji.