Ranar da Na Nutse a Tsakar Gida

Ni dai ban taɓa shiga aji ba, amma na taɓa zama jarrabawar jami'a, a kwance kuma na yi ta.

Jikana ne, wanda nake tsokana da maigida, ya dawo mana Tiga hutu fuska a murtuke. Karatun koyar da wasanni yake yi, har da iyo da ceton wanda ruwa ya ci. Wai malaminsu ya ce kowa ya kawo bidiyonsa yana farfaɗo da mutumin da aka tsamo daga ruwa, wanda bai kawo ba ya maimaita shekara. Abokansa duk suna fadama wajen tumatir, 'yan mata kuwa ba dama ya taɓa su. Sai ya zo ya tsuguna gabana.

Na ce, "Maigida, ko sabulu ba ka riƙo mini ba, yanzu kuma so kake in nutse?"

Ya yi ta lallashi har na yarda. Ya shimfiɗa tabarma, ya jingina wayarsa jikin turmi. Ya ce caji ya kusa ƙarewa, ga shi ba wuta, sau ɗaya za a ɗauka. Kada in motsa, kada in buɗe ido, sai ya ce an gama.

Na kwanta na saki jiki. Ya girgiza kafaɗata, ya ɗaga murya yana neman agaji da Turanci, yadda aka koya musu. Ashe maƙwabciyata mai suyar kifi, wadda muka tsufa muna musun wa ya fi iya daddawa, ta leƙo ta katanga. Sai na ji salati, na ji takun gudu.

Na so in tashi, sai na tuna shekara guda ta yaron nan. Na ci gaba da mutuwata.

Shi ma bai fasa ba. Ya ce mata, "Iya, ja baya kaɗan ta sha iska." Ta zube gefe tana kuka, tana cewa Allah ya jiƙan baiwar Allah, ga faɗa, ga rowar yaji, amma daddawa kam a unguwar nan babu mai kamo ƙafarta, har da ita mai maganar.

Dariya ta taso mini, na danne, ƙirjina ya hau rawa. Maigida ya kara kunne a hancina, ya dubi waya ya sanar cewa numfashi ya dawo. Ya juya ni gefe a hankali, ya ce an gama.

Na tashi zaune, na gyara kallabi, na ce ta maimaita zancen daddawar nan, ruwa ya toshe mini kunne.

Ya ci jarrabawa. Malamin har ya yaba yadda bai ruɗe ba ana kuka a kansa. Ita kuwa har yau rantsuwa take ba ta faɗa ba. Ba na musu da ita, maigida kawai nake kira ya kawo waya.