Rumbunan Kawu

Lokacin mulkin soja ne, ina aikin malamin gona, ina zaune a gidanmu na gado a unguwar Kwarbai, cikin birni. Wata Laraba bayan azahar, damina ta yi nisa, sai ga kawuna, ƙanin mahaifiyata, daga ƙauyensu na bakin kogin Galma, shi da wasu dattawa biyu, laka har gwiwa. Shekara ta uku ke nan a jere ruwa yana cin dawarsu. A wannan karon ya rushe ɗakuna, ya shiga rumbuna har tsohon hatsi ya tsiro a ciki.

Na shimfiɗa musu tabarma a zaure. Furar da aka kawo ko kallonta ba su yi ba. Kawu ya ce ba roƙo ya kawo su ba, so suke in zauna da su a tsara abin yi kafin wata daminar, tunda ni na yi boko.

Kwana biyu muna ja. Na ce su tashi gaba ɗaya su koma kan tudu. Ɗaya dattijon ya ce tudun tsakuwa ce zalla, ga ba ruwan sha. Na kawo maganar irin masara mai saurin nuna, suka ce labarinsa kawai suke ji. A ƙarshe muka tsaya a kan abu biyu: a mai da rumbuna kan tudu da rani, a haƙa magudana a bayan gari.

Na rubuta takardar neman kayan aiki na kai ofishinmu. Aka ce in dawo. Ina ta dawowa har rani ya ƙare.

Rumbunan dai, da hannunsu suka gina su, mata na ɗauko ruwan kwaɓi daga nesa. Magudanar kuwa rabi aka haƙa, don samari duk sun tafi cin rani.

Da ruwan ya dawo, hatsi ya tsira, garin bai tsira ba. Kawu ya sake zuwa, da matarsa da 'ya'yansa da akuya ɗaya a igiya. Bai ko zauna ba ya ce, "Ɗan nan, nema mini ko dako ne a birnin nan. Na gaji."

Na samo masa ɗaki a Ƙofar Gayan. Mutumin da ya tsufa da fartanya a hannu ya koma tura amalanke a kasuwa. In hadari ya haɗu, sai ya jingine amalanken ya nufi tasha, yana tambayar direbobi wa da wa suka rage a ƙauyen.