Wankin Shuwaka a Sabon Gari

Mun tashi da asuba daga Wusasa, ni da gwaggona, za mu Kano gaida mahaifiyar wanda nake so. 'Yar ƙabilar Ibo ce, a Sabon Gari ta tsufa. Tun da ɗanta ya kai mata maganata ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, shi kuma ya ce ba aure sai ta sa albarka.

A littattafan soyayyar da na taso ina karantawa, budurwa kan isa gidan surukai tana ƙamshi. Ni da kumburarriyar ƙafa na isa, mu huɗu a kujerar mutum uku, ga buhun barkono a bayanmu ina ta atishawa. A Kwanar Ɗangora Gwaggo ta sayi dafaffen ƙwai, ta yi ta mitar tsadarsa har muka shiga gari.

A mahadar Bata adaidaita sahun da muka hau ya tsaya cak. 'Yan dako da dilolin atamfa, hon ta ko'ina. Nan ƙirjina ya toshe, na ce mu koma. Gwaggo ta ce, "Bayan duk wannan wahalar?" Na runtse ido, addu'a ma ta gagara, "Ya Uba" kawai na iya cewa. Cikin hayaniyar nan na ji Ubangiji a zuciyata, a hankali, kamar uwa na lallashin jariri: tun kafin kowa ya so ni shi ya so ni, kuma tare za mu shiga gidan. Numfashina ya dawo.

Da muka isa, Mama, mahaifiyar tasa, ta dube ni sama da ƙasa, ta amsa gaisuwata da Kanancinta zalla. Gwaggo ta samu kujera da lemo. Ni kuwa Mama ta dire mini roba cike da ganyen shuwaka. "Wanke, sai kumfar ta ƙare." Ban yi kuka ba, abin da ya ba ni mamaki. Na gyara ɗaurin zane na yi ta murza har bayana ya ƙage. Ta ɗanɗana ta ce, "Da saura, 'yata." Sai ta tsuguna ta kama mini.

A motar komawa gida na tambayi Gwaggo ko wulaƙanci ne. Ta ce, "Sakarya. Kin taɓa ganin an sa baƙuwa aiki? Mama ta ce mini ranar Asabar za su kawo gaisuwa."

Mun iso gida da magariba, yatsuna duk ɗaci, ko takalmi na kasa cirewa. Abin da na koyo a tafiyar nan: Allah ba ya jira sai wuri ya yi shiru kafin ya yi wa 'yarsa magana.