Baba Mai Hoto da Bencin Kafinta

Kafin a buɗe shago ko ɗaya a layin nan, Baba Mai Hoto ya riga ya share ƙofarsa, ya ɗage labule, ya tsaya yana jiran hasken safiya. A wajensa hoton tsakar rana ɓata lokaci ne. Da haske ya kwanta a baranda sai ya maƙala tabarau, ya ɗauki waya, ya bi shaguna yana ɗaukar hoton kayan maƙwabta: yau ɗinkin Tela, gobe ƙofar da Mai Walda ya ƙera. Kafin la'asar duk sun hau shafin da ya buɗe wa layin a soshiyal midiya.

Tsohon mai ɗaukar hoto ne, irin waɗanda suka yi zamani da fim da ɗakin wanki. Da waya ta shiga hannun kowa, sana'arsa ta mutu murus. Wani da sai ya zauna yana tsine wa zamani. Shi kuwa 'yarsa ya sa ta koya masa latse-latse, yana yi tana dariya, har ya goge. Ana cikin haka aka karkatar da babban titi, motoci suka daina bi ta layin, masu sayayya suka ɗauke ƙafa. Baba ya ce tunda mutane sun daina zuwa, a kai musu layin cikin wayoyinsu.

Wanda abin ya fi taɓawa shi ne Kafinta. Ya yi wata da watanni ba wanda ya ce masa ko ƙusa buga min. Har ya ɗaure zarto da guduma a buhu zai sayar, ya tafi neman aikin gadi.

"Haba maƙwabci, ɗan dakata mana," in ji Baba.

"Baba, wa zai sayi kujera a waya? Ai sai an zauna an ji."

"To za a zauna a gaban idonsu."

Aka shirya bidiyo kai tsaye, aka kira Mai Walda ya zama mai gwaji, ƙaton da in ya tsaya a bakin shago sai an kunna fitila. Kafinta, don son burgewa, ya fito da wata sabuwar kujera mai ƙyalli da ya haɗa da safiyar nan. Gam bai bushe ba, bai kuma faɗa wa kowa ba. Mai Walda ya gyara riga, ya yi wa waya murmushi, ya zauna. Kujera ta yi ƙara, ƙafafunta suka baje, sai ga bawan Allah a ƙasa, takalminsa na kallon sama.

"Kashe! Kashe wayar nan, Baba, ka gama da ni!" Kafinta ya ɗora hannu a ka.

Baba bai kashe ba. "Jama'a kun gani da idonku. Kafinta, faɗa musu me ya faru."

"Gam ne bai kama ba. Gaggawa na yi."

Sai Baba ya juya wayar kan wani tsohon benci a ƙofar shagon, baƙi ƙirin, duk tabon shayi. "Wannan fa, wa ya yi shi?"

"Ni ne, tun ina saurayi."

"Mai Walda, tashi ka hau."

"Baba, ina da iyali fa!"

Ya dai hau. Tela ya bi shi, mai gyaran takalma ma ya haye, suka dinga tsalle suna ƙyalƙyala dariya. Benci ko gezau.

Da farko don dariya aka riƙa tura bidiyon. Daga baya saƙonni suka fara shigowa, kowa na cewa irin bencin nan yake so. Wata mai makaranta ta zo da ƙafarta, ta zauna a kai, ta jijjiga, ta ce a yi wa azuzuwanta duka. A ranar ne Kafinta ya kwance buhun nan.

Baba, mu 'yan layin nan mun shaida, kai ne ba ka taɓa ɗauko hoton kayan wani ka ce namu ne ba. Kai ne mai amsa saƙon mai tambayar farashi sau goma ba tare da ka haɗe rai ba. Ka koya mana cewa mai saye yana yafe kuskuren da ya gani, amma ba ya yafe wanda aka ɓoye masa. Uban layi, muna ƙaunarka, kuma ba ma jin kunyar faɗa.

Yanzu ido ya yi rauni, likita ya ce a rage kallon waya, Baba ya miƙa wa 'yarsa shafin. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri. Kai kuma mai karatu, wayar da ke hannunka ta isa ta hana wani shago rufewa. Leƙa ƙofar maƙwabcinka, ka ɗauki hoton abin da hannunsa ya iya, ka nuna wa mutane yadda yake.

Ranar da muka je yi masa godiya mun tambaye shi ko akwai abin da ke damunsa. Ya nuna shagon Kafinta da haɓa.

"Mutumin nan," in ji shi, "ƙarar zartonsa ta hana ni barcin rana."