Katakon Gudu da Ranar Zuwan Gwamna

Abubuwa da yawa na ƙuruciya sun ɓace mini, amma abin da aka yi mana a kan wani katako mai taya huɗu ba zai taɓa fita daga raina ba. Yau ga ni da furfura da jikoki, amma duk sanda na tuna sai haushin ya taso mini sabo, har in yi tsaki ni kaɗai.

Lokacin ina ajin ƙarshe na firamare a Sakkwato, gidanmu yana Ƙofar Dundaye. Zamanin soja ne, kuɗin mai sun shigo ƙasa, duk inda ka waiga gini ake yi. Makarantarmu ma ta samu rabonta. Aka gina mana sababbin azuzuwa, aka malale filin gabansu da siminti sumul, yana ɗan gangarawa zuwa bakin ƙofa.

Ina da wata ƙawa, 'yar malaminmu na lissafi. Kiristoci ne daga wajen Jos, suna zaune a gidajen malamai bayan makaranta. Yayanta yana karatu a ƙasar waje, da ya zo hutu sai ya bar mata wani katako dogo kamar allon karatu, da ƙananan tayoyi a ƙasansa. Ana ɗora ƙafa ɗaya a kai, a tura da ɗayar, sai ya ɗauki mutum ya tafi. Yanzu nakan ga yara suna hawan irinsa a talabijin. A lokacin kuwa babu wanda ya taɓa ganinsa a unguwarmu, mu dai katakon gudu muke ce masa.

Kullum aka tashi makaranta sai mu laɓe har fili ya watse, mu fito da shi. Mun sha faɗuwa ba kaɗan ba. Gwiwoyina da gwiwar hannuna duk suka saɓule, Inna ta gaji da tambayata har ta daina, sai dai ta miƙo mini man kaɗanya. Muka riƙa sa wando a ƙarƙashin rigar makaranta. A hankali ƙafa ta zauna. Ni na iya gangarowa in tsaya cak a bakin ƙofa. Ƙawata kuwa ta wuce nan nesa, tana karkata jiki ta zagaya sandar tuta, ta danna bayan katakon ya ɗaga kai ya juyo da ita. Samarin ajinmu sun gwada sau ɗaya, suka zube, aka yi musu dariya, daga nan suka ce wasan mata ne, suka koma ƙwallonsu.

Ana nan sai aka ce gwamna zai zo buɗe sababbin azuzuwa. Makaranta ta ruɗe, aka shafa wa duwatsu farar ƙasa, kowane aji aka ba shi abin da zai nuna. Malamarmu ta wasanni, wadda ta daɗe tana leƙenmu ta taga, ta je ta shawo kan hedimasta aka sa mu a cikin jerin. Murnar da muka yi ba a magana. Muka shirya abinmu tsaf: ni zan fara gangarowa in tsaya gaban rumfar manyan baƙi in gaishe su, in tura mata katakon, ita kuma ta yi zagayenta riƙe da ƙaramar tuta. Mun yi ta maimaitawa har muna iya yi ido rufe.

Saura 'yan kwanaki sai ga wani babban jami'i daga ofishin ilimi ya zo duba shiri. Ya zauna a kujera yana kaɗa makullin motarsa, aji bayan aji suna wucewa. Da aka zo kanmu muka yi abinmu babu ko tangarɗa. Yara suka yi tafi, shi ma na ga ya gyaɗa kai. Sai ya juya wajen hedimasta.

"Abin ya yi kyau, ya nuna ci gaba," in ji shi. "Amma 'yan mata a gaban Mai Girma Gwamna? In ɗaya ta faɗi riga ta yaye fa? A ba namiji ya yi."

Malamar wasanni ta ce, "Ranka ya daɗe, ai su suka iya. Babu namijin da ya iya."

"To sai ya koya. Abin da yarinya ta iya ne zai gagari namiji?"

Ni bakina bai da linzami tun ina ƙarama. Na ce, "Malam, mu munka sha hwaɗuwa munka iya, kuma da wando muke hawa."

Hedimasta ya zare mini ido. "Ke, wa ya sa da ke? Manya na magana kina magana?"

Shi ke nan fa, aka yanke. Aka zaɓi ɗan mutumin da ya yi kwangilar ginin azuzuwan, wai don ubansa zai zauna kusa da gwamna. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu aka sa mu koya masa, da katakonmu. Shi kansa yaron ba ya so. Ya same mu a bayan aji kamar zai yi kuka, ya ce wallahi tsoron abin yake ji. Tausayinsa ya hana mu yi masa mugunta, muka koya masa iyakar ƙoƙarinmu. Amma abin da muka ɗauki watanni muna koya ba zai shiga ƙafar mutum a 'yan kwanaki ba. Ya dai iya tsayawa a kai in an riƙe masa hannu. Tsayar da shi kuwa, ko kusa. Ƙawata ta je ta gaya wa babanta, shi kuma ya gaya wa hedimasta. Amsar da aka ba shi ita ce an riga an kai tsarin ofis, ba a canzawa.

Ranar ta zo. Tun hantsi aka jera mu a rana muna riƙe da tutocin takarda, sai bayan azahar muka ji jiniya. Sojoji suka diddiro daga motoci, masu badujala suka tsaya gefen rumfa da ƙahoninsu da gangunansu. Aka yi jawabai har ƙananan yara suka fara gyangyaɗi a tsaye. Mu biyu aka ajiye mu can baya cikin masu rera waƙa, ni da ko murya ba ni da ita.

Da aka kira wasan, yaron ya fito cikin sabon kaftani, shadda tana ƙyalli. Har yau ban san wanda ya ba da shawarar a hau katakon gudu da kaftani ba. Ya ɗora ƙafa, ya waigo yana nemanmu da ido. Ƙawata ta damƙe hannuna tana cewa a hankali, "Ya lanƙwasa gwiwa, don Allah ya lanƙwasa gwiwa." Ina, ya miƙe sanƙarau kamar an kafa turke. Gangara ta ɗauke shi. Ya wuce gaban rumfa yana wulwula hannuwa, ya kasa tsayawa, tsoro ya sa ya jingina baya. Katakon ya fice daga ƙarƙashinsa, shi ya zauna daɓas a siminti, katakon kuma ya harba cikin masu badujala. Ya daki ƙafar mai babbar ganga, ya faɗa kan mai ƙaho, mai ƙaho ya ture teburin lemon kwalba. Kwalabe suka tarwatse, lemo ya malale har ƙarƙashin takalman manyan baƙi.

Gwamna ya tashi ya yanke zare, ya shiga mota. Wani saje ya sunkuya ya ɗauki katakonmu ya jefa a bayan motar soja, muna kallo suka tafi da shi.

Za ku ce ai yanzu kowa ya gane kuskurensa. Washegari a taron safe hedimasta ya kira mu biyu gaban makaranta duka.

"Ku kunka kawo hitinag ga makaranta," in ji shi. "Kun kunyata mu gaban gwamna."

Mu da aka hana hawa, mu ne masu laifi! Aka ba mu tsintsiya muka share fasassun kwalabe, muka wanke danƙon lemo daga simintin, yara suna wucewa suna kallonmu. Yaron ya zo yana ɗingishi zai kama mana, aka kore shi aji. Jami'in nan kuwa ko ƙeyarsa ba mu sake gani ba. Ƙawata tana shara tana hawaye, ba don horon ba, don katakon. Yayanta ya ce ta kula masa da shi har ya dawo. Babanta kuma ma'aikacin gwamnati ne, baƙo a gari, ba shi da bakin zuwa bariki neman kayan wasa.

A kwanakin kakata ta wajen uwa ta zo daga ƙauye ta kawo mana gero da shinkafar da suka noma. Ta ga na koma gida ido jawur na ƙi cin tuwo.

"Ke ɗiyag ga, mi ya hwaru?"

Na kwashe duka na gaya mata. Ba ta fahimci yadda katako yake gudu da mutum ba, amma ta fahimci sauran.

"Ku kunka iya, anka ba wani, ya hwaɗi, anka hore ku, kuma anka tahi da kayanku?"

Na ce haka ne.

"Ɗauko min mayahina."

Inna ta yi ta ba ta haƙuri, tana cewa soja ba abin wasa ba ne. Kaka ta ce ita ba faɗa za ta je ba, kayan yara za ta amso. Muka biya muka ɗauki ƙawata da mamarta. Matan nan biyu ba su taɓa haɗuwa ba, ɗaya da Sakkwatancinta na ƙauye, ɗaya da Hausar Jos, amma kafin mu isa bariki sun zama kamar ya da ƙanwa, suna ta mitar maza da shawarwarinsu.

A bakin ƙofa mai gadi ya ce mu koma. Kaka ta shimfiɗa gefen mayafinta ta zauna a gindin darbejiya, ta ce ba ta gaggawa. Muka zauna har la'asar ta yi sanyi. Da suka ga tsohuwa ba ta da niyyar tashi, aka kira sajen. Ya fito da singileti, katakon a hammatarsa. Ashe tun jiya suke gwada shi, akwai ma wani kofur da ya ɗaure gwiwar hannu da bandeji.

"Mama, wannan abu ba ya hawuwa," in ji sajen. "Mu ma ya kayar da mu. Wa ya ce yaran nan sun iya?"

Kaka ta ce, "Aje shi ƙasa ka gani."

Ya ajiye a kan kwaltar filin fareti. Na fara hawa, na je na dawo na tsaya gabansa cak. Na tura wa ƙawata. Ta share hawaye ta hau, ta zagaya gangunan ruwa, ta danna baya katakon ya ɗaga kai ya juyo da ita. Matan bariki suka bar wankinsu suka fito suna guɗa, kofur mai bandeji ya riƙe baki. Sajen ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "To me ya sa jiya ba a ba ku ba?" Ya miƙa mana kayanmu da hannu biyu.

Wasan da muka shirya wa gwamna ke nan, a gaban masu wanki da sojoji 'yan singileti muka yi shi. Da labari ya kai makaranta, hedimasta ya tare mu a baranda ya ce, "Ai da kun ce kun iya haka, da ba a canza ba." Mutumin da a gabansa muka yi, a gabansa aka yi mana tafi! Ƙawata ta taka mini ƙafa don kada in yi magana. Na haɗiye, amma har na bar makarantar ban ƙara yi masa gaisuwar da ta wuce ta dole ba.

Daga baya ni ma na zama malama, na daɗe ina koyarwa, har na riƙe makaranta. Duk sanda za a zaɓi wanda zai wakilce mu a wani abu, sai an sami mai cewa wane ya fi dacewa, ko wance ba ta dace ba. Ni kuwa ba na shiga wannan gardama. Sai in sa a kira yaran duka, maza da mata, in ce kowa ya yi mu gani. Abin da na koya a filin simintin nan shi ne, a fara tambayar wa ya iya kafin a tambayi wa ya dace. In an ƙwace abu daga hannun wanda ya iya an ba wanda bai iya ba, duka biyun aka zalunta, kuma mai ba da umarnin ba shi ne zai riƙe tsintsiya washegari ba.