Ƙaton da Ke Cin Tako da Ƙananan Lomomi

Doña Chabela tana sayar da tako, wato nama naɗe cikin gurasar masara, a ƙofar gidan talabijin, inda ake ɗaukar shirin 'yan kokawa masu rufe fuska. Yau wani ƙato ne zaune a bencinta, ba ta taɓa ganinsa ba. Wuya kamar turmi, kunnuwa duk a murɗe, amma fuskar ta fi sauran jikin haske, kamar ta shekara ba ta ga rana ba. Yana gutsurar takon kaɗan-kaɗan yana turawa da yatsa, irin cin wanda ya saba da 'yar ƙaramar kafar baki ta hular kokawa mai rufe fuska.

Nan take ta gane. An tuɓe masa hula, kuma wanda aka tuɓe wa a gaban jama'a ya rabu da ita ke nan har abada.

"Bawan Allah, buɗe baki ka ci mana. Wa ya kayar da kai?"

"Da kayar da ni aka yi, Mama, ai da sauƙi. Marubucin shirin ne ya ga labari ya yi sanyi, ya ce a tuɓe mini hular." Ya ja dogon tsaki. "Hular mahaifina ce fa. Na cire, na faɗi sunana na gaskiya, hawaye na zuba, sai darakta ya ce in mayar a sake, wai haske bai yi ba."

Doña Chabela ta buga wuƙa a katako, ranta a ɓace. Ta ƙara masa nama.

"To, yaya sunan naka, ɗana?"

Ya waiga ya dubi ƙofar, sannan ya sunkuyar da kai.

"Sun ce kar in faɗa wa kowa sai an nuna shirin."